Man Gashin Gwaggo Tasalla Ya Tsinke

Birnin Gwari,
4 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Tasalla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Baba yana gaishe ki, ciwon gwiwarsa ya yi sauƙi. Umma ma tana gaisuwa. Su ne suka ce in rubuto miki, tunda an kashe layin waya a duk yankinmu, kuma ba wanda ya san ranar da za a dawo da shi. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wasiƙa ba sai a jarrabawa.

Tasi'u direba ya kawo kayan haɗin man wanke gashi da kika aiko daga Kaduna, jarkar sinadarin kumfa da buhun garin kauri da turare, komai ya iso lafiya. Anti Selina ta haɗa a shagonki na ƙofar gida kamar yadda ta saba. Ta ce in gaishe ki, kullum tana cewa ba za ta manta da ɗakin shagon nan da kika ba su ba, ita da 'yarta Peculiar, lokacin da suka gudo daga Damari ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu.

Gwaggo, abin da aka ce in sanar da ke ba mai daɗi ba ne. Man wannan karon ya tsinke. Tun wajen jiƙa garin ya yi gudaji, Anti Selina ta yi ta tuƙi da muciya har hannunta ya yi kanta. Bayan an ɗura a robobi sai ya rabu biyu, ruwa tsararo a sama, a ƙasa kuma wani farin abu kamar nonon da ya lalace. Matan da suka saya sun fara dawowa da shi. Wata amarya ta ce ya bar mata fari-fari a gashi, kuma gashin ya yi tauri.

Sauran labarin gari babu sauyi. Baba bai je gonar Gayam ba bana ma. An hana sayar da fetur a jarka, saboda haka janaretan bohol ɗin unguwa ya tsaya, mun koma rijiyar gida mai jan ruwa. Ruwan da muke sha yanzu bauri gare shi a baki, amma mun fara sabawa. Makaranta muna zuwa jefi-jefi. Malamin kimiyyarmu ya tafi Zariya bai dawo ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Zakiyya Abarshi.

*

Kaduna,
9 ga Oktoba.

Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji lafiyarku, alhamdu lillahi. Ki ce wa babanki ya daina tsugunno a bakin masallaci, shi ke tayar masa da gwiwar. Rubutunki ya yi kyau, ashe kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Maganar mai kuwa ta hana ni cin abinci. Shekara nawa ina wannan sana'a, ban taɓa haɗa abu ya tsinke ba. Garin kaurin nan sabo ne, gaskiya, tsohon ya yi tsada na koma wanda 'yan kasuwar kemikal ke kira si-em-si. Amma da shi nake haɗawa a nan gidana, daga buhu ɗaya na ɗibar muku, kuma nawa ya fito sumul kamar zuma. To me ya sa sai da ya je hannun Selina ya zama kindirmo?

Ni dai na san mai ba ya tsinkewa haka kawai. Ko an rage masa gari, ko an ƙara masa abin da ban aiko ba. Ban ce ta yi ba. Amma mutum idan ya daɗe a wuri yakan manta yadda ya shigo.

Ki gaya wa Halima uwarki ta tabbata ruwan da ake zubawa a durona garai-garai ne, kada in ji an sa mini jan ruwan rijiya. Ke kuma ga aikinki. Kin ce makaranta jefi-jefi ce, to ki riƙa zama a shagon. Ki ga me take aunawa, me take ɓoyewa, wa ke shigowa, me ke fita. Ki rubuto mini duka, kada ki tace. Ke ba mai surutu ba ce, ba wanda zai lura da ke. Kuma wannan tsakanina da ke ne.

Gwaggonki,
Tasalla.

*

Birnin Gwari,
15 ga Oktoba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma kin koma cin abinci. Mu lafiya, sai Umma da ta yi ɗan zazzaɓi, ta warke. Na isar da saƙon ruwa. Umma ta ce ki kwantar da hankalinki, ruwan duronki ya fi wanda muke sha haske, da hannunta take gyara shi.

Na yi abin da kika ce. Ina ɗaukar littafina in zauna a kan bencin shagon kamar mai karatu. Ranar farko Anti Selina ta yi dariya ta ce yau kuma wace rana, 'yar Malam ta fito daga ɓoye. Ta ba ni gyaɗa. Na karɓa na ci.

Ga abin da na gani. Tana auna komai da kofin da kika bar mata, ban ga ta rage ba. Turaren tana ɗiga shi a ƙarshe. Masu shigowa mata ne masu kitso, su ma sun ragu. Abu ɗaya ne ban gane ba, kuma kin ce kada in tace. Ranar Talata na ga ta zazzage wani buhu a bayan ƙofa, ta tara farin gari a ƙaramar leda, ta ƙulle, ta sa a ƙasan akwatinta. Ta waiwaya kafin ta sa. Ban san ko ta gan ni ba. Tun daga ranar idan ta yi mini magana sai in ji kamar akwai wata maganar a ƙarƙashi, kuma ban san ko daga ita ne ko daga ni ba.

A gari an fara magana. Wata mata a layinmu ta ce wai da gangan ake zuba wani abu a man don gashin matan Musulmi ya zube. Umma ta ce mata ta ji tsoron Allah, Anti Selina ita ta yi wa 'ya'yanta kitson suna. Amma maganar ta riga ta fita. Peculiar, wadda muke zama benci ɗaya a aji, ta tambaye ni ko na ji abin da ake cewa game da mamarta. Na ce ban ji ba.

Gwaggo, a garin nan yanzu ba kalmar da ta fi infoma muni. Kowa yana kallon kowa, wa ya sayi burodi da yawa, wa ya nufi hanyar daji. Idan na zauna a bencin nan ina lura da hannun Anti Selina sai kalmar ta riƙa zuwa mini. Na san ba ɗaya ba ne. Ina dai gaya miki ne.

Kuma, ki gafarce ni, ko zai yiwu a sake duba sabon garin? Anti Selina ta ce ba ya narkewa irin na da.

'Yarki,
Zakiyya.

*

Kaduna,
19 ga Oktoba.

Zakiyya,

Na karɓi saƙonki. Allah ya ƙara wa Halima lafiya.

Wato ni ce zan aiko wa gidan ubana da jabun kaya? Wannan magana daga bakinki ta fito ko sa ki aka yi? Na karanta layin nan na ƙarshe har na gaji. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta kalli babba yau ita ke ce mini in duba kayana. Na san muryar da ke bayan wannan.

Ke da kanki kin ga an ƙulla garina a leda an sa a akwati, har da waiwaye. Me kike jira kuma, ta rubuta miki a allo? Abin da aka ɗiba daga garin shi ne kaurin da man ya rasa. Wanda kika gani ɗaya ne, waɗanda ba ki gani ba Allah kaɗai ya san yawansu.

Ga yadda za a yi. Na sake aiko da kaya ta hannun Tasi'u, a ɗinke, da zaren da na sani. Kada Selina ta taɓa. Ke da uwarki ku haɗa a cikin gida, a ɗakin ajiya, ku kulle ƙofa. Na rubuta ma'aunin a bayan wannan takarda. Idan ya fito sumul, to mun san inda ɓarakar take. Ki ba Tasi'u amsa a dawowarsa, kada ki bari ta kwana.

Maganar infoma kuma ki bar ta. Kayan gwaggonki kike tsarewa, daga cikinsu ake sayen hatsin da kuke ci tunda gona ta gagara.

Tasalla.

*

Birnin Gwari,
25 ga Oktoba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya. Wallahi ban yi nufin cewa kayanki jabu ne ba, kuma ba wanda ya sa ni. Na roƙe ki ki yafe mini idan na yi rashin kunya.

Mun yi yadda kika ce. Ni na warware ɗinkin da hannuna, zarenki ne. Umma ta gyara ruwa har ana ganin gindin duro. Muka kulle ƙofa, makullin yana wuyana ko wanka zan shiga. Da muka ɗauke duron daga shago Anti Selina tana yi wa wata yarinya kitso. Ta dai matsar da ƙafarta don mu wuce.

Gwaggo, ya tsinke. Ya ma fi na baya lalacewa. Tun a jiƙo garin ya dunƙule ya yi zare-zare fari, muka yi ta tuƙi ni da Umma har ta ce bayanta zai ɓalle. Yanzu yana nan a ɗakin ajiya, ruwa a sama, gudaji a ƙasa. Anti Selina ko ƙofar ɗakin ba ta zo ba. Don Allah ki duba wannan da kyau: hannunta bai taɓa shi ba, kuma ya tsinke.

Baba ya ce ko sammu ne, a kira malam ya yi addu'a. Umma ta ce ko hanya ce ke dafa kayan, tunda motoci na daɗewa a rana suna jiran rakiyar sojoji. Na ma fara zargin kaina, ko ni ce na karanta ma'aunin ba daidai ba, na sake dubawa, daidai ne.

Zan kai wa Tasi'u wannan yanzu, an ce gobe ayari zai tashi.

'Yarki,
Zakiyya.

*

Kaduna,
6 ga Nuwamba.

Zakiyya,

Ina fatan kuna lafiya. Na ji an tare hanya wajen daji, an ce ba a taɓa 'yan garinku ba, Allah ya ƙara tsarewa. Amma motoci sun ci gaba da shigowa, kuma ba takarda daga gare ki. Tasi'u ban gan shi ba, an ce motarsa ce ta lalace. Wasu direbobin ba su mutu ba ai. Wannan da ke hannunki ta hannun wani na ba da ita.

Na gane shirun. Man ya fito sumul, kun ji nauyin faɗa, saboda kuna cin tuwo kwano ɗaya da Selina. Shi ke nan, na sauƙaƙa muku.

Jiya wata 'yar garinku ta zo gaishe ni a kasuwa, a gaban abokan sana'ata ta ce ai man Hajiya Tasalla yanzu ba mai sa shi a kai, ana cewa guba ake zubawa. Sunana ne a jikin robar, ba na Selina ba. Shekara da shekaru na yi ina gina sunan nan.

Wannan sashen ki karanta wa babanki da ƙarfi, kalma bayan kalma, tunda ba ya karanta boko. Abarshi, shagon ƙofar gida rabona ne na gado, ni na ba da aronsa, ni kuma nake karɓa. Selina ta ba ka makulli kafin ƙarshen wata. Ban ce a wulaƙanta ta ba, a bar ta ta kwashe kayanta a tsanake. Ledar da ke akwatinta ma na yafe.

Tasalla.

*

Birnin Gwari,
14 ga Nuwamba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu lafiyar jiki muna da ita. Wannan wasiƙa za ta yi tsawo, ki daure ki kai ƙarshenta kafin ki yi fushi.

Na rubuto miki tun ranar da kika ce, takardar tana wurin Tasi'u. A cikinta na gaya miki man da muka haɗa ni da Umma a kulle ya tsinke shi ma. Ba ta iso gare ki ba, shi ne shirun da kika ji.

Na karanta wa Baba sashen a zaure kamar yadda kika umarta. Ya ce a dakata tukuna, ai Yaya ba ta san na biyun ma ya lalace ba. Amma kin san bangon zaure shi ne bangon shago. Da na fito na tarar da Anti Selina tana naɗe tabarmarta. Baba ya ba ta haƙuri, Umma ta yi kuka. Ita kuwa ta ce ba komai, ƙaninta Tomas yana Kaduna, ya daɗe yana kiran ta. Ta ce wanda ya ba ka aro ba ya laifi idan ya karɓa.

Shekaranjiya ta kira ni ta ce in zo ta wanke mini kai ta yi mini kitson sallama. Da yake ba man, ta ce in jiƙo karkashi irin na mutanen da. Na ɗebo ruwa daga duronki, saboda shi ne mafi haske a gidan, na zuba garin karkashin. Gwaggo, yauƙin bai tashi ba. Ya kama kansa ya yi 'yan dunƙule-dunƙule, ruwa gefe, ganye gefe. Ta sa yatsa ta ce wannan wane irin ruwa ne da ke kashe yauƙi. Na tsaya ina kallon kwanon, domin kamanninsa ɗaya da abin da ke ɗakin ajiya.

Alimun ne. Tun da bohol ya tsaya, da alimun muke kwantar da jan ruwan rijiya, kamar kowa a unguwar. Ni nake daka shi da safe. Na rubuto miki yadda Anti Selina ke riƙe kofi da inda take waiwaya, amma ban taɓa rubuta alimun ba, don a wurina kamar shara ne ko wanke-wanke, ba abin faɗa ba ne. Kuma duronki ya fi kowane ruwa shan sa. Tun farko Umma tana ƙara masa saboda kayan Yaya ne, da kika ce garai-garai sai ta ninka.

Ban so in rubuto miki zato ba, sai na gwada. Na sayo fiya wata, na jera kofunan shayi. Sabon garinki a fiya wata ya narke, ya yi kauri mai kyau, na zuba sinadarin kumfa ya zauna sumul. Sabon garin a ruwan duro ya dunƙule nan take. Na ce da ina da tsohon garin da na gwada shi ma. Sai Anti Selina ta buɗe akwatinta ta miƙo mini ledar nan. Ragowar tsohon buhu ce. Ta kakkaɓe ta ta ajiye don ta nuna miki bambancinsu idan kin zo, kuma ta ɓoye ne don kada a ce tana kushe kayan mai gida. Tsohon garin a ruwan duro ya ɗan yi hazo kawai, bai tsinke ba.

Ga yadda na fahimta daga littafinmu, ko da yake ba malamin da zan tambaya. Sinadarin kumfa yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo, shi ya sa yake ɗauke datti. Garin kauri kuwa folima ne, wato ƙwayoyinsa dogaye ne kamar zare, idan suka warware a ruwa sai su riƙe shi ya yi kauri, kumfar ta zauna a tsakaninsu. Sunan sabon garin a jikin buhu ya fara da sodiyam, ina jin zarensa yana ɗauke da cajin lantarkin da muke sa wa alamar ɗebewa. Alimun kuma nasa mai alamar tarawa ne, mai ƙarfi. Aikinsa ke nan a rijiya, ya kamo ƙurar laka ya dunƙule ta ta nutse. Da ya ƙare da laka ya yi saura, sai ya kama zaren garinki ya yi masa abin da yake yi wa laka. Tsohon garin ba shi da wannan cajin, shi ya sa bai kula shi ba. Garinki ba jabu ba ne. Ruwan Umma ma ba datti gare shi ba. Haɗuwarsu ce ba ta yi ba.

Na nuna wa Anti Selina kofunan na ce yanzu ai ba sai ta tafi ba. Ta kalle su, sannan ta ce in zauna ta ƙarasa kitson kafin rana ta faɗi.

Gobe za su bi ayari. Ba ni da wanda na yarda da shi ya kawo miki wannan takarda hannu da hannu sai ita, kuma ta karɓa. Tare da ita akwai ƙaramar roba, ruwan duronki ne. Ki jiƙa garinki na nan gida a ciki ki gani da idonki. Makullin shagon yana hannun Baba, ya ce in saka shi a ambulan, naki ne. Gwaggo, ban taɓa roƙon ki komai ba. Ki mayar mata da shi.

'Yarki,
Zakiyya.

*

Kaduna,
18 ga Nuwamba.

'Yata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Sun iso lafiya, Selina da yarinyar. Ta kawo takardar har gida, ba ta aiko ba. Washegari kuma sai ga Tasi'u da tsohuwar wasiƙarki, duk ta sha baƙin mai, yana ba ni haƙuri. Ban ma iya yi masa faɗa ba.

Na gwada a gabanta, a tsakar gidana, da garin da na haɗa na sayar wa rabin unguwar nan. Ina zubawa ya dunƙule. Na sake, ya sake. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba.

Na ba ta haƙuri, kin san ba abin da na iya ba ne, amma na ba ta. Na ɗora makullin a tafin hannunta. Ta juya shi, ta ajiye a kan tabarma kusa da ƙafata. Ta ce, "Hajiya, na yarda kin gane. Amma matan layin ba su ga kofin nan ba. Idan na koma, duk wadda gashinta ya karye ni za ta kalla, ni kuma ina da 'ya mace." Na ce a bar wannan a hannuna. Ta ce a Damari ma sai da aka fara da magana.

Na so in rufa miki asiri, na ce mata yarinyar nan ba ta san komai ba. Ta yi murmushi ta ce ta sani tun ranar farko. Wai yarinyar da sai an yi ta kira kafin ta leƙo shago, rana ɗaya ta zo ta zauna da littafi, har la'asar ba ta juya shafi ba. Na ce to me ya sa kika ɗauko mata takarda. Ta ce, "Ai aiko ta aka yi. Kuma ba ta rubuta ƙarya ba, ko?"

Ni na aike ki. Wannan nawa ne, kada ki ɗauka.

Na mayar da makullin cikin wannan ambulan. Ku share ɗakin, kada a ba kowa, ko shekara zai yi. Zan koma tsohon garin har bohol ya tashi. Ki ce wa Halima ba laifinta ba ne, ni na ce garai-garai. Selina ta ce in gaya miki kada ki bar kitson ya wuce lokaci, ta ja gaban da ƙarfi, zai ci miki goshi.

Gwaggonki,
Tasalla.

*

Birnin Gwari,
27 ga Nuwamba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Baba da Umma suna gaisuwa. An ce layin waya ya kusa dawowa, amma na fi son in rubuta wannan.

Makullin yana rataye a ƙusa a zaure. Na share ɗakin. Ta bar muciyar a jingine a bayan ƙofa, a wanke.

Jiya an yi suna a layinmu, gidan ya cika da mata. Na ɗauki kofuna biyu da garin da ruwan duro da fiya wata na tafi. Ban taɓa magana a cikin taro ba, Umma ta riƙe mini tire. Na ce su kalla, na zuba. Na ce wannan shi ne gubar, alimun ɗin da ke gidan kowaccenmu, kuma ni nake daka na gidanmu. Wasu sun yi dariya, wasu sun matso sun sa yatsa. Wata tsohuwa ta ce a sake ta gani, na sake. Idan kin ga Anti Selina ki gaya mata matan layin sun ga kofin. Ban ce ta dawo ba, ina dai so ta sani. Ki ce wa Peculiar ba wanda ya zauna a gefen bencinta.

Da zan fito, matar da ta fara maganar gubar ta biyo ni har ƙofa. Na ɗauka wani abu za ta ce game da abin da ta gani. Sai ta taɓa kaina, ta ce kitson nan ya yi kyau, bikin ƙanwarta ya matso, ko na san wanda zai yi mata irinsa.

Na ce mata wadda ta iya ta tafi.

'Yarki,
Zakiyya.